Jerin kogunan Najeriya da jirgi ke bi: ta ina za ku fara, kuma wa za ku tambaya

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu. In na fahimta daidai ku kusan goma ne kuka haɗu kuna son tattara jerin duk koguna da kanal-kanal na Najeriya waɗanda jirgi ke iya bi, kowa na zuba abin da ya sani a tebur ɗaya, yanzu kuma aikin ya tsaya cak saboda gardama, wani ya saka kogin Kaduna wani ya goge, wani ya saka kanal ɗin Kadawa aka ce masa ba ya ciki, sannan kun rasa wane adadi za ku ɗauka na tsawon hanyoyin ruwan ƙasar. Na yi shekaru ina aikin awon zurfin ruwa a kogin Kwara da na Binuwai, kuma wallahi na ji daɗin ganin matasa sun ɗauko wannan aikin, dan haka bari in faɗa maka abin da na sani iya gwargwado.

Gardamar nan taku teburin ne ya haifar da ita. Kun rubuta sunan kogi, a gefensa kun bar gurbi ɗaya: jirgi na bi, eh ko a'a. Toh wannan tambayar ba ta da amsa a ƙasarmu. Wanda ya saka Kaduna yana da gaskiya, wanda ya goge shi ma yana da gaskiya, saboda na farko yana tunanin can ƙasa wajen Nupe inda kogin ke faɗawa Kwara a Muregi, jirage na kai da kawo da mutane da buhunan shinkafa, na biyun kuma yana tunanin abin da yake gani in ya tsaya kan gada a cikin garin Kaduna a watan Maris, duwatsu ne birjik da ɗan ruwa yana zagaya su. Duk layin da za ku rubuta dole ya amsa abu uku a tare: daga ina zuwa ina, a wane wata, kuma wane irin jirgi. In ɗaya ya ɓace layin ba shi da amfani, wani lokacin ma cutarwa zai yi.

Dan haka ku daina lissafa koguna, ku koma lissafa zango-zango. Ɗauki Kwara, wanda a takarda ake rubuta Neja. Tsawonsa kusan kilomita 4,180 ne daga tsaunukan Gini, amma abin da ya shafe ku shi ne daga inda ya shigo mana ta Kebbi wajen Dole Kaina da Lolo. Daga nan zuwa Yauri zango ɗaya ne, kogi ne mai gungu-gungu da yashi. Daga Yauri zuwa dam ɗin Kainji wani abu ne daban gaba ɗaya, tafki ne da ya haura kilomita 130 a tsayi, yana da zurfi yana da igiyar ruwa in iska ta taso, kuma a ƙarƙashinsa akwai garuruwa da dazuzzukan da ruwa ya shanye bayan an gama dam ɗin a 1968, har da tsohuwar Busa da duwatsun da Mungo Park ya mutu a wajensu a 1806. Daga Kainji zuwa Jebba wani tafkin ne kuma tsakanin dam biyu. Jebba zuwa Baro, Baro zuwa Lokoja, Lokoja zuwa Onitsha, sai daga Onitsha zuwa inda kogin ya rabu biyu ya zama Forcados da Nun, kowanne da halinsa. Kaga kogi ɗaya ya ba ku layi bakwai ko takwas tun ba ku shiga rassan Neja Delta ba. Kainji da Jebba duk an gina su da wurin ɗaga jirgi, wato wani ɗaki mai ƙofofi biyu da ake cika shi da ruwa ko a rage domin jirgi ya hau sama ko ya sauko, sai dai kasancewar an gina abu daban, kasancewar yana aiki yau daban, dan haka dam a teburinku iyaka ce tsakanin zango biyu har sai wani cikinku ya tabbatar da idonsa cewa jirgi ya wuce ta wurin.

Batun wata kuwa Binuwai ne babban malami. Tsawonsa kusan kilomita 1,400, ya taso daga tudun Adamawa a Kamaru ya biyo ta Garwa, Yola, Numan, Ibi, Makurdi ya haɗu da Kwara a Lokoja. A da can manyan jiragen kamfani suna hawa har Garwa da man fetur da siminti da gishiri su sauko da auduga da gyaɗa, amma duk wannan hidimar a cikin wata biyu zuwa uku ake yin ta, Agusta zuwa Oktoba, kuma matuƙin da ya yi nawa ya bari ruwa ya fara janyewa to jirginsa na iya kwana kan yashi har damina mai zuwa. Je ka tsaya kan gadar Jimeta a watan Maris ko Afrilu, za ka ga rairayi ne shimfiɗe, mutane na noman rani a cikin kogin, yara na tsallakawa da ƙafa ta wasu wuraren. Shi ne dai kogin da ke cinye gonaki da gidaje a Satumba. Daga Makurdi zuwa Lokoja lokacin ya fi tsawo, wajen Yuni zuwa Nuwamba. Tun da aka gina dam ɗin Lagdo a Kamaru a 1982 kuma lissafin ya ƙara sauyawa, domin yanzu akwai ruwan sama akwai kuma ruwan da aka sako.

Kwara shi cikarsa biyu ce a shekara, abin da yawancin masu rubutu daga ofis ke mantawa kenan. Akwai farin ruwa, na daminarmu ta nan, mai laka, yana kai ƙarshen cikarsa Satumba zuwa Oktoba. Sai baƙin ruwa, wanda asalinsa ruwan saman Gini ne, amma sai ya bazu a cikin fadamun Mali wajen Mopti ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta, sannan ya iso mana garau cikin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Mutanen Yamai da Gaya ta Nijar sun san shi sarai, masuntan Yauri ma haka. Kenan a zangon Lolo zuwa Yauri watan Janairu lokacin ruwa ne, alhali Binuwai a lokacin ya riga ya fara bushewa. In kuka yi gurbi ɗaya kuka rubuta "damina kawai" kun yi kuskure a kan Kwara. Shawarata ku yi gurbi goma sha biyu, kowane wata da nasa, a sa alama. Zai yi muku kama da wahala a farko amma shi ne zuciyar aikin.

Sai irin jirgi. A Turai tun 1992 suna da tsarin da ya kasa hanyoyin ruwansu aji-aji daga na 1 zuwa na 7 gwargwadon girman jirgin da zai iya wucewa, ku ba sai kun kai can ba, aji huɗu sun ishe ku. Ƙaramin kwale-kwale na filafili ko gwangwala, wanda ruwa iya gwiwa ma ya ishe shi. Jirgin katako mai inji irin na ranar kasuwa, mai ɗaukar mutane da babura da buhuna har da shanu, shi yana son kamar mita ɗaya in an yi masa lodi. Jirgin fito mai ɗaukar mota. Sai baji, wato faffaɗan jirgin dakon kaya na ƙarfe da wani jirgin ke turawa, shi kam sai wajen mita biyu zuwa biyu da rabi. In hukuma ta ce kogi "yana biyuwa" yawanci baji take nufi, in mutumin ƙauye ya ce yana biyuwa jirgin kasuwa yake nufi, kuma duk su biyun ba ƙarya suke ba. Sannan ku raba fito da bin kogi. Akasarin abin da mutanenmu na Arewa ke yi da jirgi tsallakawa ne daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar fiton Ibi inda ake haye Binuwai da motoci, wannan ɗigo ne a taswira, yana buƙatar shafinsa daban da sunan mashigin da garuruwan da ke gaɓa biyun da ranar da kasuwa ke ci.

Bari in ba ka wani abu da ya same ni, saboda shi ya canza min yadda nake kallon takarda. Wata shekara cikin Maris muna aiki ƙasa da Lokoja, muna da na'urar awon zurfi muna da taswirar awon da aka yi bara, hanyar jirgi a taswirar tana bin gaɓar hagu. Dattijon da ke tuƙa mu ya kalli ruwan ya ce ba nan ba, hanya ta koma dama. Na nuna masa takardar, ya karɓa ya duba cikin ladabi ya miƙo min ya ce toh yallaɓai mu gwada. Ya sa yaronsa ya tsaya a goshin jirgi da gwangwala wadda aka ɗaɗɗaure da tsumma a wurare uku, yaron na caka ta yana kira, ƙirji, ƙirji, ƙugu, ƙugu, gwiwa, kafin ya rufe baki cikin jirgin ya goga yashi muka tsaya. Muka sauka muka tura, ruwa ko cinyata bai kai ba, a daidai wurin da takarda ta ce mita uku. Da muka koma dama gwangwalar nutsewa ta yi gaba ɗaya. Daga baya ina shan shayi da shi a bakin gaɓa ya nuna min yadda yake ganewa, inda fuskar ruwa ta yi ƙananan yamutsi kamar fatar tsoho to yashi na kusa, inda ta yi duhu ta kwanta lumui tana tafiya da nauyi nan ne zurfi, kuma ya ce cikar bara ce ta kwashe tudun ta ajiye shi a nan. Awon bara daidai yake a ranar da aka yi shi. Ruwa ɗaya ya wuce ya mai da shi tarihi.

Shi ya sa gurbin da ya fi kowanne muhimmanci a teburinku shi ne na shaida: wa ya faɗa, yaushe. Kowane layi a rubuta ko gani da ido ne, ko faɗin matuƙin da ke bin wurin, ko daga takardar hukuma, ko daga hoton satalayit, tare da wata da shekara. Hoton satalayit yana da amfani wajen ganin tudun yashi da gada da inda ciyawa ta toshe, amma ba ya nuna zurfi, kuma ku riƙa duba ranar da aka ɗauki hoton, sau da yawa na rani ne saboda lokacin ne babu gajimare. Duk bayanin zurfin da ya riga ambaliyar 2022 ku sa masa alamar a sake dubawa, haka aka yi fama bayan ta 2012. In matuƙi ya ce muku ƙugu ko wuya ko gaba biyu, ku rubuta kalmarsa yadda ya faɗa sannan ku sa kiyasin mita a gefe, kar ku goge tasa, domin wanda zai zo ya tabbatar daga baya da wannan harshen zai yi tambaya.

Yanzu batun takardu. Wurin farawa shi ne dokar da ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwan cikin gida, NIWA, doka mai lamba 13 ta 1997, hedikwatarta na Lokoja. A jadawali na biyu na dokar an jero ruwayen da aka ayyana a matsayin hanyoyin jirgi na tarayya: Kwara daga iyaka har teku ta Nun da Forcados, Binuwai daga iyakar Kamaru zuwa Lokoja, kogin Kuros Riba, sai irin su Sakkwato, Kaduna, Gongola, Taraba, Donga, Katsina-Ala, Anambra, Ogun, Imo, da hanyar da ke bin bayan gaɓar teku daga Badagry ta Legas da Epe har Warri, daga can zuwa Fatakwal zuwa Kalaba, da tarin rassan Delta, da tafkin Oguta, da ɓangaren tafkin Chadi da ke cikin Najeriya. Ku kwafe shi duka, shi ne ƙashin bayan jerinku. Amma ku gane aikin wannan jadawalin shi ne faɗin wa ke da iko a kan ruwan, wa ke ba da lasisi wa ke karɓar haraji, a kan wannan ne ma aka yi doguwar shari'a da jihar Legas har kotun ƙoli ta yanke hukunci a Janairun 2024 ta bai wa tarayya gaskiya. Dokar ba ta ce maka akwai ruwa a Gongola a watan Afrilu ba. Dan haka gurbi biyu ne, ɗaya "doka ta ayyana", ɗaya "ana bi a zahiri", kuma za ku yi mamakin yawan wuraren da suka saɓa.

Saɓanin ta fuska biyu yake, kuma fuska ta biyun ce ta fi damuna. Akwai ruwayen da sunansu bai fito a wancan jadawalin ba amma kullum mutane na kansu. Dam ɗin Watari a Bagwai ta jihar Kano misali ne, a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a can da mutane, yawancinsu yara ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aƙalla 29 suka rasu, Allah ya jiƙansu. In jerinku ya tsaya kan manyan koguna kawai wannan ruwan ba zai shiga ba, alhali irinsa ne mutanenmu ke hawa. Dam-dam irin su Tiga, Goronyo, Dadin Kowa, Kiri, Shiroro, da fadamun Hadeja zuwa Nguru, duk ku ba su layi. Ni a wurina duk ruwan da ake biyan kuɗi a hau jirgi a kansa ya cancanci shiga, ko da faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba.

Adadin da kuke gardama a kai kuwa kar ku zaɓi ko ɗaya. NIWA takan ce ƙasar na da sama da kilomita 10,000 na hanyoyin ruwa da suka taɓa jihohi 28, wasu littattafan bayanai na waje suna rubuta 8,600, kuma in ana maganar wanda ake iya bi da gaske sai ka ji an sauko ƙasa da 4,000. Kowanne da abin da ya ƙirga da abin da ya bari. Ku rubuta su a gabatarwa kowanne da mai shi, naku adadin kuma ya fito daga tara zangunan da kuka tabbatar, ko da ya zo ƙarami. In za ku iya samun rahoton da injiniyoyin Holan na kamfanin NEDECO suka fitar a 1959 kan Kwara da Binuwai a laburaren wata tsohuwar jami'a ku duba, ya tsufa kuma an yi shi kafin dam-dam, amma za ku ga yadda ake kasa kogi zango-zango da wata-wata. Hukumar NIHSA mai lura da hawan koguna da hasashen ambaliya kuma tana da ma'aunan hawan ruwa a wurare irin su Lokoja da Makurdi.

Ku yi hattara da kalmar "an yashe". A Satumban 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe ƙasan Kwara, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro, da nufin baji ya riƙa wucewa duk shekara. An yi aikin, amma kogi mai yashi kowace cika sai ta mayar da wani abu, in ba a bin sa da yasa akai-akai hanyar cikewa take. Haka tashar Baro, an buɗe ta a Janairun 2019, gini na nan, sai dai har yanzu ba ta zama tashar da baji ke zuwa yau da gobe ba. Kuma Baro wuri ne mai tarihi, Turawan mulki sun zaɓe shi ne saboda jiragensu na iya kaiwa nan mafi yawan shekara, daga nan aka ja layin dogo da ya isa Kano a 1911. Duk wannan ya shiga gurbin tarihi. Gurbin "yau" kuma sai abin da aka gani yau.

Toh sai kanal ɗin Kadawa da ya raba muku kai. Kalmar kanal abu uku take ɗauka a bakin mutanenmu. Akwai wanda aka haƙa domin jirgi, irin waɗanda suka cika Ingila da Faransa da Holan, a Ingila tun wajen 1761 suka fara haƙa su domin dakon gawayin kwal. Akwai na ban ruwa, irin wanda ya taso daga Tiga ya ratsa Kadawa da Kura, ko na Bakolori a Talata Mafara, ko wanda aka haƙa domin janyo ruwan tafkin Chadi zuwa gonakin Marte. Akwai kuma na kwashe ruwan gari, wanda in ɗan Legas ya ce kanal shi yake nufi, babbar kwata kenan. Na Kadawa na ban ruwa ne, yana da ƙofofi da ƙananan gadoji da wuraren da ruwa ke faɗawa ƙasa, ba a yi shi dan jirgi ba kuma shigarsa ma haɗari ne, dan haka ba ya cikin babban jerin. Amma kar a goge shi, a buɗe masa shafi na biyu a mayar da shi can da dalili a rubuce. Gaskiyar magana Najeriya ba ta da kanal na jirgi da yawa, akwai na Macgregor da aka haƙa tsakanin tsibirin Legas da Ikoyi a farkon ƙarni na 20 wanda yanzu ya koma kusan kwata, akwai yanke-yanken da kamfanonin mai suka yi a Delta domin kai kayan haƙa, akwai hanyar da aka buɗe daga Baga zuwa cikin tafki bayan ruwa ya ja baya. Ku yi tsammanin wannan shafin zai zama gajere, kar ku cika shi da abin da ba shi ba dan ya yi kauri.

Wannan maganar ta kar a goge ita ce dokar da nake so ku kafa tun yau. Aikin haɗin gwiwa irin wannan abin da ke kashe shi shi ne mutum ya ɓata dare yana rubutu ya wayi gari an share, daga nan ba ya ƙara taɓawa. Wanda bai yarda da layi ba ya rubuta a gurbin saɓani me ya gani kuma yaushe, layin ya zauna da alama har a samu na uku. Sau da yawa za ku tarar su biyun zango daban ko wata daban suke magana, sai layi ɗaya ya zama biyu gardama ta mutu. Rabon aiki kuma kar ku yi shi jiha-jiha, domin koguna da yawa su ne iyakar jihohin, Kwara ya raba jihar Neja da jihar Kwara, ya raba Anambra da Delta, sai ku ga an rubuta zango ɗaya sau biyu ko kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Ku raba ta kogi da rassansa, mutum ɗaya ya riƙe Binuwai da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, wani ya riƙe Sakkwato da Rima da Zamfara da Ka, wani Hadeja da Jama'are da Yobe har Chadi, haka dai.

Sunaye za su ba ku ciwon kai, ku shirya. Kwara shi ne Neja, shi ne Isa wajen Zabarmawa, Joliba a Mali, Oya wajen Yarabawa. Kaduna in ya isa ƙasar Nupe Lavun ake ce masa. Kogin Sakkwato bayan ya haɗu da Rima wasu su ce Rima wasu su ce Gulbin Kebbi. Kogin Kano da Challawa sun haɗu sun wuce ta Wudil sun zama Hadeja, shi kuma ya haɗu da Jama'are ya zama Yobe. Gulbi, mayo, komadugu duk kogi suke nufi a Hausa da Fulatanci da Barbarci, sai ka ga an ɗauka ɓangaren suna ne. Kuma na tabbata wani zai kai Katsina-Ala jihar Katsina, alhali a Binuwai da Taraba yake. Maganin shi ne kowane zango a ba shi lamba wadda ba ta canzawa, da lambobin GPS na farkonsa da ƙarshensa wanda kowace waya ke bayarwa, sunaye kuma a jera su duka a gefe.

Akwai gurbin haɗari, shi ma kar a bar shi fanko. Kututturan itatuwan da ke tsaye ƙarƙashin tafkin Kainji, waɗanda in ruwa ya ragu suke zuwa daf da fuska ba a ganinsu. Dorina a wajen Yauri da Kiri da Dadin Kowa. Kacalla da ta toshe hanyoyi a fadamun Hadeja, kainuwa da ke shaƙe inji a Legas da Delta, sakin ruwan dam, ƙananan gadoji da wayoyin lantarki in ruwa ya cika. Hatsarin Warrah a jihar Kebbi a Mayun 2021 da na Patigi a Yunin 2023 wanda ya ci sama da mutum 100 'yan dawowa daga biki, duk a kan zangunan da za ku rubuta "ana bi" suka faru. Saboda haka a saman jerin ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan ba taswirar tuƙi ba ce, kada wani ya ɗauke ta ya shiga ruwa ba tare da matuƙin wurin ba, ba rigar kariya, ko da dare. Wuraren da babu tsaro kuma, irin tsibiran Chadi da wasu gaɓoɓin Shiroro, kar ku tura kowa, a rubuta ba a tabbatar ba a wuce, layi ɗaya bai kai ran mutum ba.

In za ku je bakin ruwa ku fara da gaida Sarkin Ruwa ko shugaban 'yan jirgi na mashigin, ku faɗi ko ku su waye da abin da za ku yi da bayanin, domin mutum da littafi da biro a bakin gaɓa ana ɗaukarsa ɗan haraji ne sai a rufe masa baki. Sarkawa da Gungawa a Yauri, Kede a Muregi, Kakanda wajen Lokoja, Jukunawan bakin Binuwai, waɗannan sun gaji ruwan nan kaka da kakanni, abin da za su gaya muku cikin awa ɗaya ba za ku same shi a intanet ba. Kar ku tambaye su "jirgi na bi?", ku tambaya wane wata ne kuke daina zuwa gari kaza da lodi, ina ne kuke sauke mutane a tura, bana hanya ta wane gefe take. Kuma kar ku sa sunan kowa ko lambar wayarsa a teburin sai da izininsa, "matuƙi a mashigi kaza, Oktoba" ya wadatar.

Ni da ni ne ku ba zan fara da ƙasa duka ba. Ku ɗauki zango ɗaya da wani cikinku ke iya zuwa da kuɗin motarsa, Yauri zuwa Warrah ko Baro zuwa Lokoja, ku cika duk gurabensa, a je sau ɗaya cikin farin ruwa a koma cikin Maris, daga nan za ku gane wane gurbi ne ya yi yawa wanne ne babu. In kun cika layi goma na farko turo min in duba muku, musamman gurbin watanni da na shaida.